Ƙullin Sukarin Ya Kellumi

"Jam na, baiwata? Yau ba a sayen alewa?"

Bappayo ke nan da gaisuwarsa ta Fulatanci, daga cikin kemis ɗinsa na unguwar Demsawo a Jimeta, yana leƙen Ya Kellumi. Tun da tsohuwar ta baro sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi ta kama ɗaki a layinsu, ba ranar da ba sa wasan Fulani da Barebari. Amma yau ta zo a sanyaye, jikarta Nahla na goye tana ƙananan koke-koke, hannu a baki. Shi kuwa Bappayo, in bai ji ƙwaƙwaf ba ko abinci ba ya yi masa daɗi.

"Bawa ba ya tambayar uwargijiyarsa. Miƙo mini burushi, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta."

"Burushi? Ke da haƙoranki uku, su ma goro ya rine? Kawo in goge miki da tsumma."

"Ukun nan sun fi hankalinka yawa. Kai da ka fi sanin bakin saniya, wa ma ya ba ka shagon magani?"

"To sauko da 'yar maraƙar in duba."

Ta kwance goyo. Ya ɗaga leɓen yarinyar, nan take dariyarsa ta ɗauke. Haƙoran sama huɗu sun yi baƙi daga gindi, ɗaya har ya gutsure.

"Kwana biyu ba ta ci tuwo ba," in ji Ya Kellumi. "Na ce ai na nono ne, za su zube."

"Kafin su zube za ta sha wuya, kuma su ke riƙe wa na girma wuri. Me kike ba ta? Alewata kaɗai ba ta yin wannan ɓarna."

Ta kwanto wani ɗan ƙulli daga bakin zaninta. Sukari ne a tsumma, duk ya jiƙe da tsotso.

"Kai, Barebari! Har sukari sai kun yi masa laya?"

"Ranar da muka gudo daga Bama, a gonar dawa muka ɓuya, yayan Nahla, Umair, yana jariri. Da ya yi kuka, da an same mu. Irin ƙullin nan ne ya rufe masa baki. Tun ranar, in yaro ya tsanyara kuka jikina rawa yake, sai na sa masa."

Tausayi ya kama Bappayo. Ya juya ya ɗauko ɗan burushi mai laushi da man goge baki na yara.

"Da safe da kafin barci, man kamar ƙwayar shinkafa. Gobe ki kai ta wajen likitan haƙori, ni zan tare muku keke. Kyauta ce daga ubangida."

"Daga bawa dai."

"Na yarda, bawa ne. Amma ladan bawa ƙullin nan."

Ta daɗe tana jujjuya shi a tafin hannu, sannan ta ajiye masa a kan tebur, tana dariya da ƙwalla a ido.

"Riƙe, ɗan Fillo. To in ta yi kuka fa?"

"Ki bar ta ta yi, Ya Kellumi. Nan Jimeta ce, kowa ma ya ji."