Ƙwal-ƙwal ɗin Jif ɗin Malam

"...Lafiya lau, sai dai takaicin malalacin miji. Ina gajiya, Mai-sunan-Malam?"

"Ba gajiya, amarya. Ina labarin haƙoranki? Har yanzu ba su dawo daga yawon ba?"

Hajiya Yelwa ta jawo tabarma bakin zaure tana harararsa. Iro jikanta ne, makanike a Karaye. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, shi ya sa bakinta bai taɓa furta shi ba. Ya iso Rogo da hantsi saboda tsohuwar jif ɗin da Malam ya yi ta jigilar gyaɗa da ita. Tun rasuwarsa, Iro ne ke zuwa ya tayar da ita ya zaga unguwa. Yanzu kuwa Hajiya so take a kai ta Kurugu ta ga ƙanwarta kafin damina ta ɓata hanya, shi kuma ya rantse motar ba ta fita sai an yi mata gyara.

Ya ɗaga gaban motar da jak, ya kama taya ya girgiza hagu da dama. Ƙwal-ƙwal!

"Me ta yi maka kake jijjiga ta haka? Zaginka ta yi?"

"Kin ji ƙarar nan? Kan tayrod ne, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Robarsa ta yage, giris ya tsiyaye, ƙasa ta shiga ta cinye shi. Sak gwiwarki."

"Da gwiwar nan na yi renon ubanka, mara kunya."

"To ran da ya fice a hanyar Kurugu, taya ɗaya ta nufi Karaye, ɗaya ta dawo Rogo, ke kuma sai gonar dawar wani."

"Madalla! Mai gonar ya aure ni in huta da kai."

"Wa zai kwasa? Ni ma don lada nake zaune da ke."

"Ji shi! Mutumin da ko turare ba ya kama shi saboda warin baƙin mai. Kai dai ɗaure shi tamau ka bar mini abina."

"Ba ya ɗauruwa, Hajiya. Cirewa ake yi a sa sabo."

"Na ce ka bar shi."

Wannan karon babu wasa a muryarta, har sai da Iro ya ɗago kai. Abin da bai sani ba shi ne, a shekarun Malam na ƙarshe, da zarar ya sauko daga kwalbatin bakin layi, tana tsakar gida za ta ji ƙwal-ƙwal, sai ta miƙe ta cika buta. Har yau in Iro ya zagayo da motar, takan miƙe kafin ta tuna. Kewar mutumin nan take yi, kewa mai tsanani, kuma ba ta gaya wa kowa.

"Ƙarar nan ita ce sallamarsa," in ji ta a hankali. "Ita kaɗai ta rage mini da ke yin magana."

Iro ya ce, "Ashe har yau ina da abokin takara. To ki yi haƙuri, ba zan bari ya kai mini mata rami ba."

Ya sa alli ya yi alama inda tsohon ƙarfen ya tsaya, ya zare fin, ya kwance noti, ya ba gefen ƙarfen guduma har ya saki. Ya ɗaura sabo, sannan ya ja igiya daga tayar baya zuwa ta gaba don ya ga sun daidaita.

"La'ilaha! Igiyar shanyata ce wannan!"

"Yau ta yi aikin kirki. Da tsummoki kawai take ɗauka."

Ta shige gida. Ya fita gwaji. Ta zauna gindin turmi ta kasa kunne, shiru. Sai kawai ta ji sallamar Iro a kanta.

"Yaushe ka dawo?"

"Yanzu. Lafiya lau take, kamar sabuwa."

"Ka mai da ita ɓarauniya, tana shigowa ba a ji." Ta juya tana goge ido da bakin mayafi. "Hayaƙi ne."

Ko wuta ba a hura ba a gidan. Iro ya ce ya manta sifana a waje, ya fice. Ta ji motar ta sake tashi.

Can an jima, daga wajen kwalbati, ƙwal-ƙwal! Ƙwal-ƙwal!

Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Iro ya same ta a zaure riƙe da buta cike da ruwa. Ya ja ta ya nuna mata: ya ɗaure tsohon ƙarfen da waya a ƙarƙashin kujerar direba, yana lilo yana bugun ƙasan motar.

"Na yi masa ritaya. Ba ya riƙe taya kuma, sallama kaɗai ce aikinsa."

Hajiya Yelwa ta fashe da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ɗan banza mai wayo! Na yarda, ka ci. Akwai ƙuli-ƙuli a kwano, kwashe duka."

"Butar fa? Tawa ce ko tasa?"

Ta dubi butar, ta dube shi, sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ungo. Sannu da dawowa, Malam."