Ranar da Na Gangara da Surukata Rafi

Kafilina, wato maigidana, ya ara mini motarsa mai ɗaki da gado a ciki, na kwashi iyali daga unguwarmu ta Nuzla, a nan Saudiyya, muka tafi shan iska bakin wani rafi. Na faka a gangare ina cika baki: "Tuƙi sana'ata ce, ku sauko kawai."

Ina hura gawayi matata ta ƙwala ihu. Ashe ban ja birkin hannu ba! Mota ta nufi ruwa, surukata Hajiya tana ciki tana barci. Na bi da gudu ina salati.

Allah ya rufa asiri, yashi ya riƙe tayoyin. Hajiya ta leƙo lafiya lau, ta ce, "Ɗan nan, mun iso Sudan ne?"

Har yau Kyaftin take kirana.