Yashi a Cikin Kek

"Lafiya lau muka kwana, maigida. Sai dai sanyi, da kuma rashin miji na kirki."

"Madalla. Ni ma nan da kika gan ni, rashin mace ta kirki ne ya fito da ni da sassafe."

Haka Musaddiq da kakarsa Iya Tabawa suke gaisawa tun yana yawo ba wando. Yanzu ga shi ya ba talatin baya, da gemu da iyali da ɗan gidan burodi a Gada Biyu, amma ba abin da ya sake. Ya jingine babur a zaure, ya shigo tsakar gidan nan na Tudun Wada da tire a hannu, an rufe shi da farin ƙyalle. Ita kuwa tana kan tabarma daidai inda rana ke fara sauka, ta sha suwaita biyu ta kuma lulluɓa da bargo.

Ba gaisuwa ce kaɗai ta kawo shi ba. Gidan burodinsa tanda ɗaya ce da ma'aikata uku, kuma burodin da yake gasawa irin na kowa ne. Tun da manyan gidaje suka fara raba nasu da mota lungu-lungu, nasa sai ya kwana ya wuni a kan tebur. Ana cikin haka wata Madam Adaugo mai kanti a Rayfield ta ce masa masu kawo mata burodi sun yi mata yawa, in yana son gurbi a kantinta ya zo da abin da babu mai kawowa, ranar Asabar. Ranar nan kuwa Alhamis ce. Ya riga ya yanke wa kansa hukunci, in wannan ta kuɓuce masa zai kashe tandar, ya sallami mutanensa, ya shiga acaɓa da babur ɗin nan da ke zaure.

Abin da ya rasa shi ne mai gaya masa gaskiya. Ma'aikatansa ko toka ya gasa za su ce oga ya yi daɗi. Matarsa Raliya ba ta son ɓacin ransa. A duk garin Jos baki ɗaya ya sani wanda ba shi da birki, shi ya sa ya ɗauko tire ya taho.

"Me ka rufe haka kamar gawa?"

"Lefenki ne. Na ga shekara sittin kina jira."

"Buɗe mu ga abin kunya."

Ya yaye ƙyallen. Ta leƙa daga nesa, ta ce ba za ta fito da hannunta cikin sanyin nan saboda kwaɓarsa ba, ya gutsuro ya sa mata a baki, ai aikin miji ne. Ya gutsuro na farko, burodin dankalin Turawa, yana ta bayanin cewa dankalin Bokkos ne ya dafa ya murje a cikin kwaɓin, don ya yi laushi ya kuma daɗe bai bushe ba. Ta tauna, ta haɗiye da ƙyar, ta tambaye shi wane laifi dankali ya yi masa. Ta ce a ajiye mata ɗaya, ƙofar ɗakinta na bugawa in ana iska, za ta tokare da shi.

Na biyu cincin ne na riɗi da citta. Wannan ko karɓa ba ta yi ba.

"Haƙora uku suka rage min, su ka zo ƙarasawa ka ci gado?"

"Gadon me? Bargo da carbi?"

"Su ma ba za ka samu ba. Na bar wa kyanwa."

"Ke dai ki yi ki tafi mu sha gumba, an daɗe ana sa mana rai."

"Sai na ci ta sadakar arba'in ɗinka tukuna. Wanda ke cin irin abin da kake gasawa ai ba ya nisa."

Ya ce yana da sauran dabaru a ka: burodi mai kabeji da karas a ciki, kek mai zuma, da wani da yake tunanin barbaɗa wa yajin kilishi. Ta ce ya ƙara da burodin goro da kek ɗin man shafawa, tun da dai ya ƙudurta sai ya kwantar da mutanen Rayfield a asibiti. Duk yana dariya, amma idonsa na kan abu na uku, don shi ne ainihin abin da ya zo da shi. Madam Adaugo da bakinta ta ce masa manyan ma'aikatan da ke sayayya a wurinta, masu ciwon suga da masu tsoronsa, kullum tambayarsu ko akwai wani abu na acca. Kwana huɗu ya yi yana fama kafin ya samu kek ɗin acca da ya tsaya bai marmashe ba.

Ya sa mata a baki. Ta tauna sau biyu, ta tsaya. Ta sake taunawa a hankali, kanta a karkace. Sannan ta juya ta tofar a gefen tabarma.

"Wa ya rege maka accar?"

"A wanke na saye ta."

"A wanke."

"Matar ta rantse min."

"Kai kuma ka ɗauka ka kai inji."

Haka kuwa aka yi. Ta ce ya ɗauki loma ya kai ta can ƙuryar baki, ya rufe leɓe, ya tauna kamar mai hankali ba kamar akuya ba, ya kuma saurara. Ya yi. Garas. Ya sake, garas. Gaskiyar magana ya ji wannan abu tun jiya a bakin tanda, sai ya ce wa kansa sukari ne bai gama narkewa ba, ma'aikatansa kuma suka ce oga ai sukari ne. Yanzu da ya tauna a gaban tsohuwar nan ya san yashi ne.

Ta yi masa wankin babban bargo. Ta ce an haife shi a Jos, an yanke cibiyarsa a Jos, amma bai san cewa duk accar kasuwa da yashinta take zuwa ba, ko mai sayarwa ta dafa Littafi. Ƙwayar acca da ƙwayar yashi girmansu ɗaya, rariya ba ta raba su, ido ba ya raba su, sai ruwa da ƙwarya. In kuwa aka niƙa ta da yashin, an gama, sai dai a ba kaji. Ya tambaye ta, to ban da yashin fa, ya ɗanɗanon yake? Ta ce ba ta zo duniya don ta yabe shi ba. Can kuma, tana kallon wani wuri, ta tambayi ƙwai nawa ya fasa a ciki, da ko ya sa 'yar fulawa don ya kama jikinsa. Daga nan ya gane kek ɗin ya yi.

"To amarya, ga ranarki. Mudu biyu ne a kan babur. Ki rege min yau, in shanya, gobe in niƙa in gasa."

"Ka kai wa matarka."

"Raliya 'yar Kano ce. Ranar da ta fara ganin acca ta zaci abincin tsuntsu ne."

"To ni baiwarka ce? Rabona da zane daga hannunka tun wata Sallah da ban tuna ba."

"Zan sayo miki atamfa."

"Ba na so."

"Da ɗankwali."

"Ka ɗaura wa babur ɗinka."

Ya san halinta, ja take don a lallashe ta. Duk Tudun Wada an san babu mai regayar acca kamar Iya Tabawa. A barikin kuza ta koya, zamanin da kakansa ke aikin haƙa, a hannun maƙwabciyarsu matar Dantong, kuma shekaru da yawa in ana biki ko suna ita ake kawo wa. Saboda haka bai tsaya jiran izini ba. Ya fita ya kwanto buhun, ya ɗebo ruwa a bokiti, ya shiga ɗakinta ya jawo ƙorai biyu daga ƙarƙashin gado, sun yi baƙi sun yi santsi don tsufa. Tana ta zaginsa, ɓarawo, marar kunya, mai shiga ɗakin mata ba sallama. Ya zuba acca a ƙwarya ɗaya, ya tsiyaya ruwa, ya ajiye a gabanta.

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar. Sannan ta fito da hannuwanta daga bargo ta ɗauka.

Ba ta kai ga juyawa sau uku ba ruwan ya fara tsalle. Hannun dama ke rawa, rawa sosai, ta danne shi da na hagu, shi ma ya ɗauka. Da ta karkata ƙwaryar don ta tsiyaye a ɗaya, sai rabin accar ya tafi kan siminti.

Musaddiq ya bi accar da kallo tana bin ruwa zuwa magudana. Sai yanzu ya gane dalilin da ya sa ta ce ya sa mata abinci a baki, ya kuma tuna rabonsa da ganin buhun accar wani da aka kawo regaya a tsakar gidan nan an fi shekara. Tausayinta ya kama shi. Nan take kuma tunanin Asabar ya faɗo masa, ya ji kunyar kansa da tunanin ya zo da wuri haka.

"Sanyi ne," in ji ta.

"Sanyi ne mana. Jos ai ba garin tsofaffi ba ne." Ya naɗe hannun riga ya tsuguna. "Matsa can. Dama ban taɓa yarda da aikinki ba, suna ne kawai."

"Kai? Da waɗannan hannuwa kamar faranti?"

"Ki zuba ido."

"Za ka fasa min ƙwarya in fasa maka kai."

Ta maida hannuwanta cikin bargo, bakin kuwa ya samu aiki. Ta ce ya riƙe ƙwaryar daga ƙasa, ba a baki ba. Ya juya ruwan a hankali, ba damun fura yake ba. Ya bar accar ta taso da kanta ta gangara ɗaya ƙwaryar kaɗan-kaɗan, yashi ya fi ta nauyi, shi zai zauna a gindi. Ya yi na farko, ya leƙa, ya ga ɗan baƙi-baƙi a ƙasa kamar cokali guda, ya washe baki ya ce an gama. Ta ce ko farawa bai yi ba, ya zubar ya maimaita. Ya tambaya sau nawa. Ta ce matar Dantong ba ta taɓa ƙirgawa ba, ana yi ne har sai an goga yatsa a gindin ƙwarya an ji shiru.

Rana ta bar tabarma ta koma bango. Ruwan famfon Jos da safe ba ya wasa, yatsunsa suka sandare, ƙugunsa ya riƙe. Matan gidan da ke wucewa suka riƙa rage tafiya suna kallon mai gidan burodi guda, da gemunsa, a tsugune yana regaya. Wata ta ce sannu da aiki, amarya. Iya Tabawa ta ce a bar shi, horo take ba shi, ya daɗe yana cin tuwon banza. Sau biyu ya yi gaggawa yashin ya bi accar, sau biyu ta sa shi ya koma farko, tana faɗa masa cewa ko jakin Bukuru da ta koya wa da yanzu ya iya.

Ana kiran azahar ya miƙa mata ƙwaryar da ya tsiyaye. Ta goga yatsa a gindinta, ta kai kunne. Ta ce ya ɗebo ɗanyar accar ya sa mata a baki. Ta tauna, ta tauna, ta haɗiye.

"To?"

"Sa'a ce."

"Ki dai faɗa."

"Na ce sa'a ce. Ka shanya a kan farin zane, ba a ƙasa ba, kada ka maida abin da ka cire. Sauran mudun ka ƙarasa a gidanka, na gaji da ganinka."

Ya wanke ƙoran ya kife su, ya ɗauka zai mayar ƙarƙashin gado. Ta ce ina zai kai su. Ya ce inda ya ɗauko.

"Ka tafi da su. Na sake ka, kwashi kayanka."

"Yaushe mace ta fara saki?"

"Ranar da ta gaji."

"To aro. Ran Lahadi in dawo da su."

"Ba na ba da aro, kowa ya sani. In matar Rayfield ta karɓa, kullum sai ka rege, da me za ka yi? Ni kuma me zan yi da su, kallo?"

Ya buɗe baki ya mayar mata, kamar yadda ya saba tun yana yaro, bai samu komai ba. Ya tsaya da ƙorai a hannu.

Iya Tabawa ta kwashe da dariya har da tari. "Yau dai na rufe maka baki. Ku zo ku gani, mijina ya zama bebe."

"Kin ci wannan," ya ce.

"Dama ni ke ci. Tafi, rana na wucewa, acca ba ta bushewa a inuwa."

Ya ɗaure buhun da tiren a bayan babur. Ƙoran kuwa ya zuge jaket ya sa su a ƙirji, don hanyar Gada Biyu akwai ramuka.