Ɗan da Na Haifa a Kasuwar Gwanjo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa kaina ɗa da bakina ba, alhali ko aure ban taɓa yi ba. A Jidda ne, cikin shekarun sittin, ina aikin kuku a unguwar Bagdadiyya, gidan wani injiniya Bature da matarsa. Ba su da haihuwa, sai wani ƙaton kare mai suna Baruno, wanda ya fi ni daraja a gidan (shi har likitansa daban).

Wata rana Baruno ya yage 'yar tsana ya haɗiye idonta na gilashi. Kwana biyu yana kwance, uwar gida tana kuka. Da ya miƙe, ta zubar da kayan wasansa kaf, ta ce in je haraj, wato kasuwar gwanjo, inda kayan 'ya'yan Turawan da suka koma gida ke ƙarewa, in zaɓo masa wasu. Ta lissafa min da yatsu: ban da mai ido ko maɓalli, ban da mai waya a ciki, ban da mai fentin da ke ɓarewa, ƙwallo kuma ta fi ƙarfin maƙogwaronsa.

Na tarar da wata dattijuwa ta baza kaya a tabarma. Na yi mata sallama da Larabcina na kicin, ta amsa min da Hausar Sudan tsaf. Da Balarabiya ce da sauƙi, amma uwa Bahaushiya? Da wane baki zan ce mata ni, ɗan liman a garinmu, kare nake yi wa sayayyar wasa?

Na tsuguna ina ja, ina ƙanƙara da farce, ina girgizawa a kunne. Wani zoben roba ma sai da na gatsa shi, in ji ko zai gutsure. (Eh, na gatsa. A bainar jama'a.)

"Ya waladi, ɗana, lafiya kuwa?" in ji ta.

"Na yaro ne, Hajiya. Yarona."

"Masha Allah! Shekararsa nawa?"

"Uku." Wannan dai gaskiya ce, sai na ji daɗin gaskiyar na ci gaba. Na ce cizo gare shi, komai ya samu sai ya tauna, har takalmi. Na ce kwanan nan ya haɗiye idon 'yar tsana. Na ce in an yi baƙi dole mu ɗaure shi.

Ta dafe ƙirji. "Uwarsa fa?"

"Ba a san inda take ba."

Baiwar Allah har da ƙwalla. Ita da kanta ta taya ni cire masu haɗari, ta zaɓo min zoben da ƙwallo babba da wata igiya mai kauri, ta ce in tafasa su kafin in ba shi, in kuma nema masa rubutu.

To, a lokacin ina neman auren Asiya, 'yar Malam Hamidu tela, a unguwar Kurayyat. Juma'ar da ta biyo baya na je gaishe shi bayan la'asar, na sha farar jallabiya. Muna zaune aka ɗaga labule, wata ta shigo da tiren shayi. Malam ya ce, "Ga yayata, gwaggon Asiya, ba ku taɓa haɗuwa ba."

Mun haɗu.

Ta ajiye tiren a hankali, ta dube ni daga hula har ƙafa. "Ya jikin yaron? Ya rage cizon?"

Malam ya juyo. "Wane yaro?"

"Ɗansa mana! Wanda yake ɗaurewa. Wanda uwarsa ta gudu. Hamidu, wannan za ka ba 'yarmu?"

Na san Asiya na laɓe a bayan labule tana ji. Gumi ya jiƙa min jallabiya. Malam bai ɗaga murya ba, ya ce, "Ɗana, mun karɓe ka a matsayin saurayi. In akwai magana, faɗe ta yanzu."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, kare ne."

"Subhanallahi! Ɗan naka kake zagi?"

"A'a, Baba. Kare ne na gaske. Mai jela."

Na kwashe labari na faɗa, tun daga idon gilashi. Malam ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Gwaggo kuwa ko murmushi, ta ce wanda ya iya shirya mata waccan ƙaryar zai iya shirya wannan, sai ta gani da idonta.

Washegari na ɗauko mata tasi har Bagdadiyya. Ta leƙa ta ƙofar ƙarfe, sai ga Baruno ya taho a guje, zobenta a bakinsa. Ta ja da baya tana a'uziyya, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Halas, shi ke nan. Amma addu'ar da na yi masa kwana huɗu, Allah ya mai da ita kan 'ya'yan Asiya." Wallahi ban san lokacin da na zauna a bakin hanya ba don sanyin rai.

An ɗaura auren bayan Hajji. Tun daga nan, in gaskiya ta zo min da kunya, nakan ji kunyar nan take a gaban mutum ɗaya in wuce abina, don na gane idan na ajiye ta, surukai take zuwa gayyatowa.