Yadda Na Kashe Baffa Sajan

Ina sabon malamin firamare a Batsari, ina ji da Turancina, sai ƙanen mahaifina, Baffa Sajan, wanda ya yi yaƙin Bama, ya nuna mini takardarsa ta sallama daga soja.

Ya ce, "Ba su rubuta lambar yabona ba. Yaran Wagini har sun fara cewa a kasuwa na saye ta."

Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka. Ba su gamu da mai Turanci ba ne."

Na rubuta wa ofishin soja na Kaduna. Don in burge su, na saka wata doguwar kalma da na tsinta a jarida, a zatona babbar girmamawa take nufi. Ashe lambar da ake bai wa mamaci ce.

Bayan damina sai ga sojoji biyu a Wagini, sun zo yi wa iyalan marigayi ta'aziyya. Marigayin da kansa ya shimfiɗa musu tabarma, ya karɓi gaisuwa, ya ce Allah ya ba da lada.

An gyara takardar, amma sai da Baffa ya je Kaduna da ƙafarsa kafin a yarda yana raye.

Har yau in na gaida wani tsoho a Wagini, sai ya ce, "Lafiya lau nake, Malam. Don Allah kar ka rubuta."