Nomau da Hawan Jinin Babansa

A ƙauyenmu akwai wani mahauci, Baba Korau, mutum mai zafin rai kamar garwashi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata suna ɗakunansu, gidan ya rage daga shi sai ɗansa Nomau, ƙato mai gemu, wanda in ka ce masa tsaya nan, nan za ka tarar da shi gobe. Ran da Baba Korau ya yanke jiki ya faɗi a mahauta, malamar asibiti ta ce hawan jini ne, in jinin ya sake hawa ɓarin jikinsa zai shanye. Tsautsayi ya sa ta yi bayanin a gaban Nomau.

Wata rana Nomau ya tuna malamar ta ce kada gishiri ya kusanci tsoho. Ya tattara na madafa, ya haɗa da buhun da ake barbaɗa wa fatu, ya juye su duka a rijiyar gidan. Baba Korau ya zo alwala, ya kurɓi ruwa, ya furzar yana tari.

"Me ka zuba a rijiyar nan, don ubanka?"

"Gishiri ne, Baba. Can ba mai iya ɗauko maka shi."

Maƙwabtan da ke ɗiban ruwa a nan suka yi ta zagi har aka yashe rijiyar, tsoho kuwa ya wuni jijiyar wuyansa na harbawa.

Wata rana kuma ya tuna ta ce tsoho ya riƙa tafiya da ƙafa kowace safiya. Ya riƙe hannun ubansa suka fita. Suka wuce gonaki, suka wuce fadama, rana ta take. Baba Korau ya ce a juya haka nan.

"Tafiya ta ce, Baba. Ba ta ce a dawo ba."

A amalanken shanu aka dawo da dattijon daga ƙauyen gaba, ƙafa a kumbure, bakinsa bai huta ba har gida. Da aka auna jinin, ya ƙara hawa. Malamar ta ɗaure fuska ta ce, "Duk abin da ke ɓata masa rai, a raba shi da shi."

Wata rana da sassafe Baba Korau ya fara faɗa a kan kunu ya huce. Nomau ya tashi ya shiga ɗaki ya ƙulle kayansa a zane, ya nufi ƙofa.

"Ina za ka?"

"Ni ne ke ɓata maka rai, Baba. Ta ce a raba ka da ni."

Takaici ya cika tsoho, amma tsoro ya fi takaicin yawa. Wannan sakaran in ya fita, wallahi ba zai juyo ba, kuma duk duniya ba shi da wani mai miƙo masa ruwa. Ya haɗiye sauran faɗan da ƙyar.

Tun daga ranar ƙullin kayan yana bakin ƙofa. Da Baba Korau ya ɗaga murya, sai Nomau ya miƙa hannu zai ɗauka. Dole mahauci ya koyi magana ƙasa-ƙasa da tsufansa, yana cika yana batsewa shi kaɗai.

Da aka koma awo, malamar ta duba, ta sake dubawa. Jini ya sauka.

"Baba, wane magani ka samu haka?"

Baba Korau ya harari Nomau, wanda ke zaune a benci da ƙullinsa a cinya. Ya buɗe baki, ya ga hannun Nomau ya motsa.

"Zauna, ɗana," ya ce a hankali. "Ba inda za ka."