Yadda Janar Darmaji Ya Hau Tsaunin Dieng

A duk faɗin garin Klaten babu wanda ya san sirrin ɗaure kaya a bayan babur kamar Pak Darmaji, wato Malam Darmaji. Shi da kansa ya faɗa, kuma mutum ne da ba ya ƙarya sai in ya buɗe baki. Shekara talatin ya yi yana aiki a ma'aunin manyan motoci, yana tsare direbobi da laifin lodin da ya wuce ƙa'ida. Da ya yi ritaya, sai ya ga bai kamata ilimi irin wannan ya ruɓe a ɗaki ba. Ya sayi wani ƙaton baƙin babur wanda in ya hau da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa ƙasa. Ya kafa ƙungiyar 'yan yawon babur mai suna Mikiyoyin Kwalta, ya tsaya takarar shugabanci shi kaɗai, ya kuma yi nasara da gagarumin rinjaye.

'Yan ƙungiya na kiransa Janar. Shi ya ɗauka don jarumta ne. Ba wanda ya gaya masa saboda rigar fatarsa ce, wadda ya cika da tambarin ƙasashe ashirin da bakwai. Duk a kasuwar garin Solo ya ziyarce su, rana ɗaya, a rumfa ɗaya.

Bana aka shirya tafiyar kwana uku zuwa tsaunin Dieng, kuma a can sama za a yi zaɓen shugaba bayan sallar la'asar. Abin da ya hana Janar sakat shi ne, a karon farko ya samu abokin takara: Wagiran, wani bakanike mara surutu, wanda duk guzurinsa jaka ɗaya ce da 'yar rigar ruwa. Janar ya ƙudura a ransa cewa tun daga ɗaurin kaya za a gane bambancin shugaba da ɗan rakiya.

Ranar tafiya da safe ya tara su a ƙofar gidansa.

"Ku buɗe idanunku," in ji shi, yana nuni da sandar gora. "Lodi ilimi ne. Mai nauyi a ƙasa, mara nauyi a sama, mai hankali a gaba. Wanda ya fita da jaka ɗaya, bai shirya tafiya ba, gudun hijira yake yi."

Wagiran ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," ya ci gaba da shan kofinsa.

Akwatunan ƙarfe uku ne a jikin babur ɗin Janar. A cikinsu da kansu akwai tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, da dutsen guga, da kujera mai naɗewa, da matasan kai biyu, da lasifikar jawabi, da fanka. A can ƙololuwa kuma ga hotonsa cikin gilashi yana gaisawa da wani babban mutum, wanda mai hoton ya yanke masa rabin kai don Janar ya fito sosai.

Matarsa, Bu Sumirah, ta leƙo da mayafinta a hannu. Wata biyu tana roƙon ya rage mata hanya zuwa Wonosobo, ta duba yayarta da ba ta da lafiya.

"Maigida, ina zan zauna?"

"Na auna komai jiya. Ke kilo sittin da biyu ce. Babu gurbi."

"Fankar fa? A garin da raɓa ke daskarewa a kan ganye?"

"Kin ji irin ta. Shugaba yana shirya wa abin da bai faru ba."

Ta dube shi, ta dubi fankar, ta koma ciki neman kuɗin mota.

Mutum huɗu ne suka riƙe babur ɗin kafin ya hau. Ya duba madubi, bai ga komai ba sai matashin kai, ya ce wannan ma alheri ne, jagora ba ya waiwaye. Da suka tsaya cin tsiren akuya a Magelang, sai ya gano ƙafarsa ba za ta iya tsallake akwatin baya ba. Bai ce a taimaka ba. Ya ce a miƙo masa nasa nan inda yake.

"Matuƙi na gaskiya ba ya sauka," ya sanar, romon gyaɗa na ɗiga a kan tambarin ƙasar Norway.

Bayan Wonosobo hanya ta fara miƙewa tsaye. Babur ɗin ya soma nishi, yana warin ƙonewa. Mikiyoyi suka riƙa wuce shi ɗaya bayan ɗaya, kowa na yi masa hon na ladabi. Wagiran ya rage gudu, ya jera da shi.

"Ranka ya daɗe, a ba ni akwati ɗaya mana in rage maka."

"Don ka je ka ce kai ka ɗauko shugaba? Wuce, yaro! Ina bayanku ne don in ga kurakuranku."

Wagiran, mai jika uku, ya wuce.

A wata kwana mai kama da ƙugiya, Janar ya murɗa wuta iya ƙarfinsa. Tayar gaba ta ɗaga sama kamar mai addu'a. Babur ɗin ya tsaya cak yana shawara, sannan ya yanke hukuncin bin masu rinjaye, wato kayan baya. A hankali, cikin mutunci, suka kwanta a gonar kabeji.

Tukunyar shinkafa ta gangara ta nufi Wonosobo ita kaɗai. Ƙafar Janar ta maƙale a ƙarƙashin akwati. Ya yi ƙoƙarin zarewa, ya kasa. Gajimare ya fara saukowa kan tudu, sanyi na shiga ta wuyan rigarsa. Ya duba agogo, saura minti arba'in la'asar. Nan fa ya fara hango zaɓen a zuci. Ya hango hannuwa a sama, ya hango Wagiran yana sunkuyar da kai irin na masu kunyar nasara, ya hango kansa a gida ba mai ce masa Janar sai mai kawo jarida.

Sai ga ƙarar wani tsohon ƙaramin babur yana hawowa ba gaggawa. Wata dattijuwa ce a kai, Iya Ngatinem, wadda kullum take kai kayan masarufi ƙauyukan sama. Kwandunan gora biyu a gefe, tukwanen gas huɗu, buhun shinkafa, da faifan ƙwai bakwai a jere, ko girgiza ba sa yi. Ta tsaya, ta cire silifas, ta sa kafaɗa ta ɗaga masa babur ɗin.

"Sannu, Baba. Ƙaura ake yi?"

Janar ya miƙe yana karkaɗe ganyen kabeji. Ya dubi lodinta da idon ƙwararre.

"Baiwar Allah, kin san wannan lodin naki ya saɓa wa doka? Da a zamanina ne, da kin kwana a ma'auni."

"To. Naka da ya bi doka ga shi can a gona. Za ka sama ko in wuce?"

Babur ɗinsa ya ƙi tashi, don haka aka bar wa mai gonar ajiya. Janar ya ce ba inda za shi ba tare da lasifika da hoto ba. Iya ta ɗora shi a kan buhun shinkafa, hoto a ƙirji, lasifika a cinya. Ba su yi nisa ba ya fara tangaɗi a kowace kwana, yana ba ta umarnin inda za ta karkata. Ta tsaya, ta zaro igiyar roba ta tsohon tub ɗin taya, ta zagaya masa ita a ƙugu sau uku, ta haɗa da tukwanen gas ta ƙulle.

"Ba don kai ba," ta ce. "Don ƙwaina."

Haka suka shigo filin taron. Mikiyoyi na zaune a rumfar mai shayi, hannuwa goma sha ɗaya a sama, Wagiran na sunkuye. Duk suka juyo, hannuwan suka manta da saukowa.

Janar bai ɓata lokaci ba. Ya kunna lasifika daga inda yake ɗaure.

"'Yan uwa! Kuna can kuna tsere, ni na tsaya taimakon wata raunanniyar tsohuwa da kaya suka fi ƙarfinta. Ni na daidaita mata nauyi, ni na danne mata baya har muka iso lafiya. Wannan shi ake kira shugabanci!"

Iya Ngatinem ta kafe babur ɗinta, ta ƙirga ƙwanta, ta ga ba wanda ya fashe. Sannan ta yafito Wagiran.

"Ɗana, wannan ƙunshin naku ne? Zo ka kwance abinku. Shekara talatin ina hawa da kaya, har awaki na ɗauko, amma ban taɓa ɗaukar wanda ya kai shi kuka ba."